Haba Alhaji, Giwar Abrahata a Al'ula?

To, na gani. Don Allah a daina turo min. A WhatsApp kaɗai ya shigo min ta zauren 'yan unguwa, ya shigo ta na tsofaffin ɗalibai, har da zauren dangi inda ba a saba saka komai ba sai sanarwar suna da ta rasuwa. Na kalli bidiyon da Alhajin nan ya ɗauka a Al'ula, can Saudiyya, har ƙarshe, kuma maganata ɗaya ce: bawan Allahn nan bai je Al'ula ba. Ya kai jikinsa, ya kai wayarsa, ya kai sabuwar jallabiyarsa, amma shi kansa yana nan a shago bai motsa ba.

Mutum ya tsaya a gaban dutsen nan mai siffar giwa, ya gyara zaman hula, ya kalli kyamara ba ko ƙifta ido, ya ce wa mabiyansa wai giwar Abrahata ce Allah Ya mayar dutse. Jama'a kuma suna ta zuba kabbara a ƙasa. Da ya tsaya nan da na yi dariya na wuce. Sai ya juya ya ce wai waɗanda suka haɗu su 'yan kaɗan suka biya aka ba su ɗan jagora, damfararsu aka yi, shi ga shi da idonsa ya ga komai bai ba kowa ko sisi don ya nuna masa dutse ba.

Ranka ya daɗe, Abrahata daga Yaman ya taso, kudu da Makka. Al'ula tana arewa da Madina, tafiyar fiye da kilomita 300. Sai dai in giwar ta wuce Makka ba ta lura ba, ta wuce Madina ba ta tsaya gaisuwa ba, ta yi ta nausawa arewa har ta gaji ta daskare. Dutsen yashi ne, tsayinsa wajen mita 52, iska da ruwa ne suka yi ta cinsa tsawon zamani har ya fito da hanci da ƙafa. Wannan bayanin ɗan jagora yana yinsa tun kafin a sauka daga mota. Shi ne abin da Alhaji ya yi tsimin riyal ɗinsa a kai, ya dawo yana alfahari.

Dutse kyauta ne, babu wanda ya ce ba kyauta ba ne. Bakin da zai gaya maka abin da kake kallo ake biya.

Kuma abin kunya ne a ce Bakano ne za a tsaya ana yi wa wannan bayanin. Mu fa jikokin fatake ne. Kakanninmu da suke tashi daga Kurmi su nufi Gwanja sayen goro, wata da watanni a hanya, babu ayarin da yake ɗaura kaya ba tare da madugu ba, ga jagaba a gaba wanda ya san inda rafi yake, ya san zangon da ake kwana, ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa da wanda za a kauce wa ƙasarsa. Ayarin gishiri na Buzaye da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma, shi ma da madugunsa. An taɓa jin falken da ya ce madugu ɗan damfara ne, ai ni ma ina da ido? Wanda ya faɗi haka ƙasusuwansa ne za a tsinta. Ku bar ma ta fatake. Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar, ranar hijira, hayar masanin hanya suka yi, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, kuma a lokacin mutumin bai ma musulunta ba. Sun ba shi raƙumansu, sun ba shi amanar rayuwarsu, saboda ya san hanyar da ba kowa ya sani ba. Amma Alhaji ya fi ƙarfin ɗan jagora. To madalla.

Ni ma bayan Umara na je, mu 'yan tsiraru, ba mu cika mota ba. Muna da ɗan garin da ke yin bayani, daga cikin waɗanda suke kira Rawi, sannan mun ɗauko wani yaron kirki ɗan Kano da ke karatu a Jami'ar Madina yana mayar mana da Hausa inda Larabcin ya yi mana zurfi. Bari in gaya muku abin da kuɗin ya saya, tunda an ce damfara ce.

A Hijir, wato Mada'in Salih, kilomita ashirin da 'yan kai daga cikin gari, akwai manyan kaburbura 111 da aka sassaƙa a jikin duwatsu, 94 daga ciki da ado a fuskarsu. Kaburbura na ce. Alhaji a bidiyonsa ya nuna babban nan da ke tsaye shi kaɗai a fili, wanda ake kira Ƙasrul Farid, ya ce fadar sarki ce, har yana nuna inda wai fadawa suke zama. Kabari ne. An yi shi ne don wani mutum mai suna Lihyan ɗan Kuza, kuma ba a ma gama shi ba. Ta yaya aka san ba a gama ba? Jagoranmu bai gaya mana kai tsaye ba. Cewa ya yi mu ɗaga kai mu kalli sama, sannan mu sauke ido a hankali. Sama sumul, an goge an gyara. Kana saukowa aikin yana ƙara kaushi, har ka iso ƙasa inda sawun kurfi yake nan ɓaro-ɓaro, layi-layi. Daga sama suke fara sassaƙa su gangaro, dutsen da ba su kai ga cirewa ba shi ne abin takawarsu. A cikinmu akwai wani dattijo magini daga Fagge, ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Wato in ka kuskure a sama shi ke nan, babu ciko." Jagoran ya sa aka fassara masa, ya yi dariya ya ce duk ranar bai ji tambaya ko magana da ta kai wannan ba. Suka tsaya su biyu suna ta nune-nune, yaron Madina yana tsakiya yana gumi.

Wannan tsayuwar ita ake biya. A motar mutum hamsin ba a yinta.

Ku da kuka yi ziyara a Madina a babbar mota kun san abin da nake nufi. Kuba, Uhudu, Kiblataini, a ƙare a wajen masu dabino. Direba yana danna ham, ɗan ejan yana ihun "minti ashirin, Alhazai, minti ashirin!", wanda aka ce shi ne mai bayani yana can gaba da lasifikar da ke shaƙewa, na kujerar baya ba ya jin komai sai hirar canjin riyal, wata Hajiya ta ɓata an tafi nemanta, kafin a dawo da ita wata ta fita. A haka za ka yi tambaya? Wa za ka tambaya? In ka ɗaga hannu ma harararka za a yi, kana ɓata wa mutane lokacin sayayya. Irin wannan tafiyar ce aka ɗauko aka kai Al'ula, sa'a uku zuwa huɗu a hanya daga Madina, a sauke mutane a jigace, a yi hoto, a kwaso su. A Hijir ba a barin kowa ya shiga da motarsa ya yi ta gararamba, da tikiti ake shiga kuma a motocin wurin, da mai bayani a ciki. Ma'ana ko Alhaji ma an yi bayani a gabansa. Bai ji ba ne, saboda yana can baya yana ɗaukar kansa bidiyo, kuma babu wanda zai mayar masa da Hausa. Sai ya cike gurbin da abin da ya zo bakinsa.

Mu da muke 'yan kaɗan an kai mu har gindin wani kabari aka nuna mana rubutun da ke saman ƙofa. Nabatawa ne suka yi waɗannan kaburbura, mutanen da babban birninsu shi ne Petra da ke Jodan a yau, kuma Hijir ita ce babban garinsu na kudu. Arzikinsu na hanya ne: lubban da sauran kayan ƙamshi suna tasowa daga kudancin Larabawa zuwa Sham da bakin teku, su kuma suna tsakiya suna karɓar rabonsu, suna da rijiyoyi a inda kowa ke neman ruwa. Yawancin kaburburan an yi su ne a ƙarni na farko na Miladiyya, kafin Rumawa su haɗiye daular a shekara ta 106. Rubutun da ke ƙofa kuwa takardar mallaka ce tsaf. Wane ne ya yi kabarin, a shekara ta nawa ta mulkin sarki wane, su wa aka yarda a binne a ciki, wanda ya sayar ko ya jinginar ko ya sa baƙon gawa ga tsinuwa ga kuma tarar da zai biya. Har sunan magini ana sawa a wasu. Da jagoran ya karanto mana, wani lauya da ke cikinmu ya ce wallahi ya ga takardun fili a Kano da ba su kai wannan tsari ba. Kuma mata ma suna da nasu. Akwai na wata mai suna Hinat 'yar Wahbu, ta yi wa kanta da zuriyarta wajen shekara ta 60 Miladiyya. Matan da muke tare da su sai da suka sa aka maimaita wannan.

Abin da ya fi tsaya min shi ne haruffan. Rubutun Nabatawa shi ne ya yi ta sauyawa a hankali har ya zama rubutun Larabci. Wato abin da yaro ke wankewa a allo a makarantar Malam, da ajamin da kakanninmu suka rubuta waƙoƙi da wasiƙu da shi, ga kakansa nan a jikin dutse. Jagoran ya zana mana harafi a yashi da yatsa, ya zana yadda ya koma, ya zana na yau. In ba an nuna maka ba, za ka wuce ka ɗauka zane ne kawai. Alhaji ya wuce ta ƙarƙashinsa yana cewa "kun ga rubutun aljanu". Aljanu kuma!

Na san me za a ce. Tsada. Mutumin da ya biya jirgi daga Kano zuwa Jidda a wannan canjin, ya kama masauki kusa da Harami, ya cika jaka biyu da abaya da turare da agogon yara, har ya biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi bai yi tari ba, shi ne zai zo yana kukan kuɗin wanda zai buɗe masa ido. Araha ba ta ado. In kuɗin ne babu, wannan uzuri ne, ka zauna a Madina ka ƙara salloli a Masallaci, ka ma fi mu riba. Amma ka je, ka ƙi biya, ka dawo kana koyar da ƙarya, kana zagin waɗanda suka biya, wannan ba tsimi ba ne.

Wani ya rubuta min wai ai komai yana intanet. Yana nan mana. Alhaji ma yana da intanet, da ita ya ɗora giwar Abrahata. Mu wuce.

Wanda ya fi nauyi shi ne na masu cewa zuwa wurin ma bai halatta ba. Wannan ba zan yi masa ba'a ba. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim: a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, da rundunar ta biyo ta Hijir, Manzon Allah (SAW) ya ce kada a shiga gidajen waɗanda suka zalunci kansu sai ana kuka, don kada abin da ya same su ya same ku, ya rufe kansa ya sa sauri har ya fita daga kwarin. Ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗiba a rijiyoyinsu, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma, sai rijiyar da taguwa take sha kaɗai aka yarda a ɗiba. Sura guda ce a Alƙur'ani take ɗauke da sunan wurin. Duk wanda ya ji wannan ya ce shi ƙafarsa ba za ta taka can ba, na girmama shi, kuma malamai suna nan a tambaye su. Amma masu kafa wannan hujjar a ƙarƙashin bidiyon Alhaji don su kare shi, ku dubi Allah. Shi ai ya je. Ya je yana washe baki, da kiɗa a bayan bidiyon. Idan sharaɗin shiga shi ne tsoro da wa'aztuwa, wa ya fi kusa da shi, wanda ya tsaya aka gaya masa abin da ke gabansa, ko wanda ke neman inda haske ya fi kyau a fuska? Jagoranmu da kansa ya kawo hadisin tun a mota, ya bambance mana labarin Samudawa da Annabi Salihu (AS) da kuma kaburburan Nabatawa da ke ɗauke da kwanan watansu a rubuce, ya ce wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya zauna a mota babu laifi. Mutum ɗaya ya zauna. Babu wanda ya ce masa uffan, kuma da muka dawo aka ba shi labari. A motar mutum hamsin wa zai ma san ka zauna?

Gaskiya kuma, in cire wasa, wurin yana da nauyi. Waje duk ado, ginshiƙai, matakala a sama, mikiya a kan ƙofa. Ka leƙa ciki sai ka ga ɗan ɗaki mai kaushi, da ramuka a bango daidai tsawon mutum, babu kowa. Mutanen da suka rubuta tara da tsinuwa don kada a taɓa musu makwanci, yau ga mu daga Kano muna leƙawa, babu mai karɓar tarar, sarkin da za a biya wa ma babu daularsa. Da yamma idan rana ta karkata duwatsun sukan yi ja wur, tsatsar ƙarfen da ke cikin yashin ce take ba su launin, irin sinadarin da ya sa ƙasar Dala ta yi ja. Babu wanda ya ce mu yi shiru, mun dai yi. Dattijon Fagge ne ya karanta ayar nan ta Suratul Fajri da ke maganar Samudawa waɗanda suka fasa duwatsu a kwari, muryarsa tana rawa. Ban ga yadda mutum zai samu wannan ba alhali ana danna masa ham.

Don haka in za ku je, ku haɗu ku kaɗan, waɗanda za su iya tsayawa kusa da mutum ɗaya su ji shi ba da lasifika ba. Ku nemi mai mayar muku da Hausa in Larabci ko Turanci bai zauna ba, ɗalibanmu suna nan a Madina, kuma ku biya shi da mutunci, kada a sallame shi da "Allah Ya yi albarka" da ragowar shinkafa. Ku je lokacin sanyi, don da zafi wurin yana haura digiri 40, amma ku riƙe rigar sanyi saboda dare. Ku kwana, kada ku yi zuwa da dawowa a yini ɗaya. Ga tsohon birnin Dadan da kaburburansa masu zakoki, ga Dutsen Ikma da ɗaruruwan rubuce-rubuce a jikinsa, duk sun girmi na Hijir. Ginin madubin nan da kowa ke hoto a gabansa, Maraya, inda shugabannin ƙasashen Gulf suka yi taron sulhu da Katar a Janairun 2021, ku gan shi in kuna so, ni bai dame ni ba.

Masu cewa ina yi wa Saudiyya talla kuwa, ko ruwan Zamzam ba su ba ni ba. Su da suka buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019, suka kafa hukuma guda don Al'ula tun 2017, ba sa jiran tallan wani ɗan Kano a Facebook. Haushi ma suka ba ni. Tsohon garin Al'ula gidajen ƙasa ne wajen 900 a cunkushe, lunguna ƙanana, da mutane a ciki har shekarun 1980. Ibn Baɗuɗa ya bi ta nan a 1326. Ina tafiya a lungunan ina jin kamar an ɗauko ni an ajiye a bayan Kurmi. Sun gyara, sun koya wa 'ya'yansu tarihin, sun ba su aikin yin bayani, duniya tana zuwa tana biya. Hijir ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2008, ita ce ta farko a ƙasarsu. Ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara tun wajen ƙarni na 12, tana jerin jiran shiga tun 2007, kuma kafin a kira sunanta mun kusa gama cinye ta, nan an yanka an yi shago, can an kwashe ƙasar an yi bulo, gaba kaɗan juji. Ka kai baƙo Dala yau, yaran unguwa ne za su biyo ku, wannan ya ce nan Barbushe yake kwana, wancan ya ce a'a can ne, kowa da nasa, a ƙarshe a ba su na alewa. Ga waɗanda suka karanta tarihi a jami'a suna yawo da takardu babu aiki. Da a ce ɗaya daga cikinsu zai tsaya a gindin dutsen ya ce ku kawo dubu biyu in zaga da ku Dala da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, na rantse irin su Alhaji ne za su fara cewa ɗan damfara ne, ai mu 'yan gari ne. Ka tambaye shi wa ya kafa Kurmi ka ji. Zai ce Turawa.

Af, har na manta. A nan Hijir akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz, layin da Turkawa suka ja daga Dimashƙa a zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu, aka fara a 1900 ya isa Madina a 1908 don sauƙaƙa wa alhazai. Jirgin ya daina tafiya tun tuni, amma gine-ginen suna nan a share, har da tsohon kan jirgi a ajiye a rumfarsa. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Shekara uku ce kacal tsakani. Namu har gyaɗa ya yi ta ɗauka ana tara ta dala-dala, shi ya kawo rabin mutanen Sabon Gari. Ina kawunan jirgin da suka yi wannan aikin? Wanda ke bi ta wajen tasha kullum ya gaya min, don ni abin da nake hangowa daga titi ciyawa ce da masu wankin mota, kuma ina zargin 'yan gwangwan sun riga mu.